Takardar da Ta Ce Babu

Ranar da aka manna sanarwar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jin daɗin jama'a a allon ofis, 'yar mai bandar kifin nan ta Lagdo ta tsaya ta yi lissafi biyu. Na farko, kwanakin da suka rage kafin a rufe karɓar takardu: arba'in da ɗaya. Na biyu, shekarunta. Kowace sanarwa irin wannan tana gindaya iyakar shekaru, ita kuwa tsakaninta da iyakar 'yan watanni ne kawai. In ta kuskure bana, baɗi sai dai ta ji labari.

Ta karanta shari'a a Jami'ar Ngaundare, ta dawo gida da digiri, ta yi shekara huɗu tana rubuta wa mahaifinta lissafin kwandunan banda da ake lodawa zuwa Garwa da Yola. Aikin da take so ba shi da ƙofa mai ɗauke da sunansa. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta san wani mutum da alƙali kan danƙa wa mai laifi maimakon ya tura shi kurkuku, ya riƙa bibiyarsa, yana kai wa kotu rahoto. Dokar bin matakan shari'a ta 2005, wadda ta fara aiki a farkon 2007, ta yi irin wannan tanadi domin yara: a bar yaro a gidansu ƙarƙashin idon wani wakili, ko na dindindin ko na sa-kai. Aikin ya faɗa tsakanin ma'aikatar shari'a da ta jin daɗin jama'a. Mai son sa dole ya zaɓi hanya: ko dai makarantar horar da ma'aikatan gidan yari da ke Buya, can kudu maso yamma, ko kuma aikin jin daɗin jama'a. Ita ta zaɓi ta biyu, domin ba kaki da makulli take nema ba.

Wahalarta ta farko ba ta faransanci ba ce, ta Hausa ce. Da dare mahaifinta ya tambaye ta wane irin aiki ne wannan da za a kashe wa kuɗin tambur da na mota.

"Gandiroba za ki zama?"

"A'a, Baba."

"To, lauya?"

"Ba lauya ba. Mutum ne zai yi laifi, alƙali ya ce ya koma gida, ni kuma in riƙa duba shi."

Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wato talala. Ke ce mai riƙon igiyar."

Da wuya malamin fassara ya fi shi dacewa. Talala ita ce doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita a makiyaya, ta yi kiwo, ta kewaya, ta kwanta inda ta so, amma akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Daga nan aka sami "ɗaurin talala", wanda 'yan jarida suka fi amfani da shi ga ɗan siyasar da aka hana fita daga gida. Sai dai kalmar tana da gurguwar ƙafa ɗaya. Ta nuna igiya, ba ta nuna gwaji ba. Kalmar da Turawan Faransa da na Ingila suka yi tarayya a kanta, "probation", daga Latin take, asalinta kuwa gwadawa: a ba mutum lokaci a ga ko zai shiryu. Wannan ɓangaren Hausa tana ajiye shi a wani wuri dabam, a cikin aikatau "tsaya wa". Idan baƙo ya sauka a zango, mai masaukinsa ne ke tsaya masa a kasuwa. Idan yaro ya yi ɓarna aka kai shi gaban mai unguwa, ko gaban jauro ko lawan kamar yadda ake yi a ƙasar Binuwai, wani dattijo kan miƙe ya ce, "Na tsaya masa, in ya sake a neme ni." Mai riƙon talala da mai tsayawa mutum ɗaya ne a wannan aiki, kuma rikicin aikin duka a nan yake: hannun da ke ba da lamuni shi ne ke rubuta rahoton da zai iya mayar da mutum kurkuku.

Tarihin aikin ma da tsayawa ya fara. A 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi da aka gurfanar, ya kai shi gida. Bayan mako uku ya dawo da shi a natse, alƙali ya ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba. Kafin Augustus ya rasu a 1859 ya tsaya wa mutane kusan 2,000. Jihar Massachusetts ta mai da abin doka a 1878, Ingila ta bi a 1907. Mutumin bai cika fom ba, ba wanda ya tambaye shi shaidar karatu. Amma kowane wanda ya tsaya wa sai da ya rubuta sunansa a littafi.

Fom ɗin kansa gajere ne. A shagon kwamfuta aka buga mata shi, kuma da a ce gurabe kawai za a cika, da kafin shayi ya huce ta gama. Nauyin yana cikin abin da ke bin bayansa, abin da mutanen Kamaru ke kira dosiye: kwafin takardar haihuwa da hukuma ta gaskata, kwafin shaidar karatu da takardar da ke tabbatar da an ga ta asali, takardar likita, takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum, hotuna, rasidin kuɗin jarrabawa. Galibinsu sai an liƙa musu tambur, wanda tun 2023 ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500. Wasu kuma suna da ajali, bayan wata uku sun mutu. Mai haɗa dosiye kamar mai dafa tuwo da miya a murhu ɗaya yake, kafin wannan ya nuna wancan ya huce.

Ta ɗauki takardunta ta tafi Garwa, tafiyar kilomita 50 da wani abu, ta sauka a unguwar Hausare wajen kawunta, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya. Ya shimfiɗa takardun a kan tabarma, ya sa tabarau, ya bi su da ɗan yatsa ba tare da ya ce uffan ba. A gurbin farko ya tsaya.

Gurbin yana neman abu biyu, "Nom" da "Prénoms", wato sunan zuriya da sunan yanka. Wannan tsari na Turawa ne, inda gida guda ke gadon suna guda kaka da kakanni. Bahaushe yana da sunan yanka, yana jingina shi da na mahaifi, wani lokaci da na gari ko na sana'a, ga kuma laƙabin da ya fi sunan yankan tashe saboda alkunya. Da wannan ya shiga hannun akawun da ya koyi rubutu da faransanci, sai ya sake kama. Usman ya koma Ousmanou, Umar ya koma Oumarou, A'isha ta koma Aïssatou, domin kunnen akawun ya saba da lafazin Fulatanci, alƙalaminsa kuma da ƙa'idar Faransa. Wani ya sa harafin "h", wani ya bar shi. Wani ya fara da sunan uba, wani ya ƙare da shi. Mutum ɗaya sai ya wayi gari da sunaye uku, ko ɗaya babu na ƙarya.

Nata haka ya zama. A takardar haihuwa sunan mahaifinta ya fara da "H", a shaidar kammala sakandare babu shi, digirin kuma ya bi ta sakandare. Shekara da shekaru ba wanda ya kula.

"Kawu, ai harafi ɗaya ne."

"'Yata, mai duba dosiye ba saninki ya yi ba. Takardu ɗari ne a gabansa, dalilin rage su yake nema. A wurinsa ku biyu ne, ɗaya an haife ta ba ta yi karatu ba, ɗaya ta yi karatu ba a haife ta ba."

Maganin yana nan, wata takarda da hukuma ke bayarwa mai shaida cewa masu sunayen nan biyu mutum ɗaya ne. Akwai abin dariya a ciki, a ce baligi mai hankali ya biya tambur domin a tabbatar masa shi ne shi. Amma dariyar ba ta daɗewa ga wanda ya san abin da rashin takarda ke jawowa, ita kuwa ta sani, domin ta gani a cikin gidansu.

Ƙaninta ba shi da takardar haihuwa. Ita a asibiti aka haife ta, aka rubuta. Shi kuwa a sansanin masunta aka haife shi, can cikin tafki, da damina, lokacin da mahaifinsu ke bin kifi daga tsibiri zuwa tsibiri. Lagdo garin baƙi ne. Tun da aka gama madatsar ruwan da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, tafkin ya janyo masunta da 'yan kasuwa daga Arewa Mai Nisa, daga Najeriya, daga Chadi, har daga Mali. Mutanen da ke kwana a bakin ruwa suna tashi da ruwa ba su cika tuna ofishin magajin gari ba. Aka yanka rago, aka raɗa suna, aka ce in an dawo gari za a je. Wa'adin da doka ta ɗiba ya wuce, daga nan kuma sai ta hanyar kotu, da shaidu, da kuɗi. Aka ce sai an sami sarari.

Yana da shekara goma sha shida, a lissafin uwarsa, aka kama shi tare da wasu samari kan injin kwalekwale da ya ɓata. A dokar Kamaru shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai kai 10 ba, ba a ɗora masa laifi. Daga 10 zuwa 14 sai dai matakan gyara. Daga 14 zuwa 18 ana sassauta masa, kuma shi ne irin yaron da alƙali ke iya mayarwa gida ƙarƙashin talala. Daga 18 ya zama babba. Idan babu takardar haihuwa, likita ne ke duba mutum ya ƙiyasta shekarunsa. Yaron da ya tashi da filafili a hannu, ƙirjinsa ya buɗe, kafaɗunsa suka cika, jikinsa ya ba da shaida a kansa. Uwar tana da nata lissafin, mai kyau kuwa: shekarar babbar ambaliya, 2012, bai fara ko rabin azumi ba, a wuya mahaifinsa ya ɗauke shi suka haye tudu. Irin wannan lissafi da shi aka riƙe tarihin gidaje tun kafin a san kalanda, amma ba shi da wurin liƙa tambur. Ya yi wata goma sha huɗu a tsare cikin manya kafin a yanke hukunci, hukuncin kuma ya zo daidai da zaman da ya riga ya yi. Ya shiga yana yaro mai surutu. Da ya fito, sai a yini ba a ji muryarsa ba.

Wannan ne dalilinta, fom ɗin kuma bai tambayi dalili ba.

Ta yi ƙoƙarin cusa shi. Cikin dosiyen akwai wasiƙar neman izinin zama jarrabawa, a rubuce da hannu. Ta kwana tana tsara ta, shafi biyu, ta zuba labarin ƙanin nata duka, da injin, da likitan, da watanni goma sha huɗun. Da safe Kawu ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Kin iya rubutu. Amma wannan ba wasiƙar hukuma ba ce, kuka ne."

"Gaskiya ce, Kawu."

"Ban ce ƙarya ba ce. Na ce ba gurbinta ba ne."

Ya karɓi alƙalami ya tsara mata layi shida: kwanan wata da gari a sama ta dama, sunanta ta hagu, muƙamin wanda ake rubuta wa, maƙasudi a layi guda, sai jimlar girmamawa da kowane ɗan makaranta a ƙasar ya haddace, sai sa hannu. Wanda ya saba da wasiƙar Hausa, mai farawa da gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali kafin a kai ga "bayan haka", zai ga wannan ta bushe ƙamas. Amma ita ma tana da ladabinta. Wasiƙar Hausa tana girmama mutum da tsawaita gaisuwa, ta hukuma tana girmama shi da rashin cin lokacinsa.

Kawu yana da gaskiya, ko da yake ba dukan gaskiyar ke hannunsa ba. Wanda zai yi wannan aiki, rabin rayuwarsa rubutu ne. Kafin alƙali ya yanke wa yaro hukunci akan nemi binciken halin zamansa: wa ke riƙonsa, me yake ci, ya yi makaranta ko bai yi ba, da wa yake yawo. Rahoton da ya cika da tausayi alƙali ba ya dogara da shi, wanda ya bushe kuma ba ya nuna yaron. Mai rubutu sai ya koyi ajiye hawayensa a waje ya shigar da abin da za a iya tabbatarwa. Ta wannan fuska, jan layin da Kawu ya yi a kan shafi biyun nan darasi ne na sana'a. Inda aka yi rashi shi ne, tsarin da ke tace masu neman aikin ba shi da wata hanyar gane wanda ya taɓa zama a bakin ƙofar kurkuku da kwanon abinci a hannu. Akwai gurbin da ke tambayar harshen da za a rubuta jarrabawa da shi, faransanci ko Ingilishi, harsunan hukuma biyu. Babu inda za ta rubuta cewa tana jin Hausa da Fulatanci, har da ɗan Larabcin Shuwa na cinikin kifi, alhali yaran da za a danƙa mata da waɗannan harsunan suke mafarki, iyayensu kuma da su kaɗai za su faɗi abin da ba sa faɗa wa jandarma.

Gurbin asali bai ba ta wahala a takarda ba, a zuci ya ba ta. Kamaru tana raba guraben aikin gwamnati tsakanin yankunanta goma, kuma yankin iyaye ake dubawa, ba inda mutum ya girma ba. Ta rubuta Arewa, gundumar Binuwai. Kakanta fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, a Hausare ya yi aure, a nan aka haifi mahaifinta, a nan kabarin kakan yake. Duk da haka tun tana firamare take jin ana ce musu 'yan Najeriya, in kuma suka je biki Yola a ce ga 'yan Kamaru sun iso. Ta danna alƙalami a kan kalmar fiye da yadda ya kamata, har ta fito ta bayan takardar.

Saura takardar kotu. Ana karɓarta a kotun da ke da hurumin inda aka haifi mutum. Ta kai buƙata, aka ce ta dawo, ta dawo, aka miƙo mata. Sunanta ne a sama, da na iyayenta, da ranar haihuwa. Ƙasa kuma jadawali ne mai gurabe: ranar hukunci, kotun da ta yanke, irin laifi, tsawon ɗauri. An ratsa guraben duka da kalma ɗaya ta faransanci, "néant", wato babu. Duk cikin dosiyen ita ce takardar da darajarta ke cikin zama fanko. Ta tsaya a barandar kotun tana kallonta. Ta san jadawalin nan gida ɗaya ne da na ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya za a rubuta a sama, amma nasa ba zai fito fari ba, kuma duk ƙofar da ke neman wannan takarda ta rufe masa ke nan, ko aikin gadi ne.

A dokance an fara buɗe wasu hanyoyin. Sabuwar dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016 ta kawo hukuncin yi wa jama'a aiki kyauta, awa 200 zuwa 240, ga laifukan da ɗaurinsu bai kai shekara biyu ba, da kuma hukuncin biyan wanda aka cuta. Najeriya ma a 2019 ta sake wa hukumar gidajen yarinta suna zuwa ta gyaran hali, ta buɗe sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. Sai dai alƙali ba ya sakin mutum ga iska. Kafin ya ce "koma gida" sai ya san akwai wanda zai taka har gidan, ya san hanyar sansanin masunta, ya iya zama a tabarma da uban yaro. In babu wannan mutum, sashen doka yana nan a littafi, motar kurkuku kuma tana bakin kotu.

Takardar shaidar sunan ce ta ci kwanaki. Ta je, ta koma, ta sake zuwa, kuɗin mota ya cinye ribar kwando biyu na banda, mahaifinta bai ce komai ba sai dai ya daina sayen goro. Wani da suka haɗu a layi ya ba ta shawara, tun da ana gyara, ta sa a yi mata sabuwar takardar haihuwa gaba ɗaya, a daidaita harafin, a rage mata shekara uku, ta huta da fargabar bana ko baɗi. Ya ce kowa na yi, ya faɗi farashi. Ta yi tunanin abin har dare biyu, ba ta ɓoye wa Kawu ba. Shi kuwa bai yi mata wa'azi ba, tambaya ɗaya ya yi: in wata rana aka kawo mata yaro da takardar da take shakka, da wane ido za ta dube ta? Ta bi doguwar hanya.

Saura kwana uku a rufe ta kai dosiyen ofishin da ke karɓa a Garwa. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta lasa yatsa, ta ƙidaya takardun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan harafin, ta ɗaga takardar shaidar ta karanta, ta wuce. Ta buga hatimi a wata 'yar guntuwar takarda mai lamba ta miƙo. Duk abin bai kai minti biyar ba.

Da la'asar ta sauka Lagdo. Ƙanin nata yana bakin ruwa yana ɗinkin koma, ya yi aure bara, matarsa ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce. Ya ɗago ya dubi jakar da ke hannunta.

"Adda, an karɓa?"

"An karɓa."

"Kin sa sunana a ciki?"

"Ba su tambaya ba."

Ya gyaɗa kai, ya mai da ido kan zaren. Ta zauna a gefen kwalekwalen, ta zaro wata farar takarda da ta rage, ta ɗora a kan gwiwa. Ta tambaye shi ranar da aka haifi jaririn, da sa'ar, da sunan unguwarzomar, da yadda yake so a rubuta sunan. Ya ce ai duk ɗaya ne. Ta ce ya faɗa mata harafi harafi, domin gobe da ƙarfe takwas za su kasance a ofishin magajin gari, shi da ita da Baba, kuma ya zo da katin asibitin matarsa.